Maganar da Na Sa a Bakin Baffa

Abin da na fara lura da shi da muka sauka a Danwarai, garin su babana, shi ne kaka ta juya tabarmarta. Kullum takan zauna tana fuskantar ƙofar gida, amma ranar ta ba ƙofar baya, tana tsince albasa a ƙarƙashin rumfa. A waje ana loda wata babbar mota, kana jin buhuna suna sauka kan juna. Warin albasa ya cika gidan, irin wanda ke shiga tufafi ya bi mutum har Jega, inda muke zaune. Ban tambayi dalili ba. A lokacin ni ba mai tambaya ba ce, kallo nake yi in adana.

Hutun makaranta ne, zafi ya fara, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Kafin a sallame mu, malamarmu ta Hausa ta jera mana ire-iren labari a allo: tatsuniya, tarihi, labarin gaske, da ƙagaggen labari. Na ƙarshen ne ya kama ni. Ta ce a cikinsa marubuci yana da ikon shiga zuciyar mutum, ya faɗi abin da ba wanda ya ji. Ta ce kowa ya dawo da shafi uku.

Ni kuwa akwai labarin da na daɗe ina tsinta guntu-guntu a bakin manya. Ƙanin babana, baffanmu, ya rasu tun ba a haife ni ba. Ya bi motar albasa zuwa kudu, motar ta kife a hanya, a can aka binne shi. Iyakar sanina ke nan. Sauran na cike da kaina. Na sa masa shuɗiyar hula, na sa direban ya tallabe kansa a bakin titi. Da na zo ƙarshe sai na ga bai kamata ya mutu shiru ba, na sa ya ce: a gaya wa innata ta yafe mini, ni ban tafi da komai a raina ba. Maganar ta yi mini kyau ƙwarai. Na yi ta maimaita ta a zuci.

Wata rana da hantsi ina taya kaka ware albasar da ta fara laushi, don kada ta ɓata sauran a rudu, inda ake ajiye ta har farashi ya tashi. Ta hango littafin a ƙarƙashin cinyata.

“Ke 'yar boko, mi kike ɓoyo nan kamar kaza bisa ƙwai?”

“Labari ne, Kaka. Na makaranta.”

“To karanto mu ji. Hannuna ke aiki, kunnena zaune yake.”

Na karanta ƙasa-ƙasa. Ban ambaci sunansa ba, amma motar albasa ta isa. Na ga hannunta ya rage sauri, sannan ya tsaya cak. Da na kai maganar ƙarshe, albasar da ta riƙe ta suɓuce, ta gangara har bakin tabarma.

“Wa ag gaya miki?”

Kafin in amsa, ta matso ta sake tambaya.

“Direban na? Yana da rai? Ina kika gan shi, ɗiyata?”

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar ta yarinyar da aka ce babanta ya dawo daga tafiya. Ban san mene ne a ƙasa ba, amma na gane so take in ce eh. Kalmar tana bakina. Da na faɗe ta, da ta samu sanyi a ranta, ni kuma in ɗauki ƙaryar in riƙe har ranar da ɗayarmu za ta mutu.

“Ba wanda ya gaya mini, Kaka. Ni na ƙaga.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauko albasar, ta share mata ƙasa.

“Tatsuniya takan yi sallama kahin ta shigo,” ta ce. “Da kin ji an ce ga ta nan, kin san ƙarya ta, ki yi dariya ki tahi. Labarin gaske kuwa, mai shi yakan ce wurin wane na ji. Wanga naki ya sanyo rigar gaskiya, ya shigo ba sallama.”

Ba ta yi mini faɗa ba. Sai dai ta daina kirana in zauna kusa da ita. Gwaggona, 'yar kaka, ce ta ja ni gefe wajen murhu ta gaya mini sauran. Safiyar da baffa zai tafi, kaka ta hana shi, suka yi sa-in-sa, ya yi mata sallama ba ta amsa ba. Tun ranar take jiran wani ya zo mata da ko kalma ɗaya daga bakin hanyar nan.

Yanzu kaka ta riga ta rasu, ni kuma rubutu ya zama aikina. Yaran gidan a waya suke karanta labarai, ba mai tambayar wane iri ne, ko daga bakin wa ya fito. Ban bar ƙagaggen labari ba, don malama ma gaskiya ta faɗa. Amma kafin in sa magana a bakin wani, nakan tsaya in duba ko akwai mai rai da ke jiran ta.

A wancan hutun, ranar da za mu koma Jega, an riga an kai jakata ƙofar gida, na dawo na durƙusa a bakin tabarmarta da sabon shafi. Ba ta ɗago ba. Duk da haka na yi maganar.

“Kaka, ki gaya mini abin da ya ce da safen nan, da abin da kika ce masa. Ko ba daɗi, haka zan rubuta, in sa a sama cewa wurinki na ji.”