Sunan Murtala ba ya jikin bangona

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni a bakin shago: Murtala ya rasu. Zazzaɓin kwana uku, wai. Mun kai shi da hantsi, kuma tun da na dawo na kasa zama. In shiga, in fita, in ɗauki waya, in ajiye.

Kun san ni. Ba wanda ya kama hannuna. Daga sakandare ban ƙara gaba ba. Ni na koyi kokawar judo da ƙafata, ni na sami baƙar ɗamara ta ƙwararru, ni na rufa rumfar horonmu ta Ƙofar Kware da kwanon da na ɗauko a kaina. Katifun farko da buhu da dussar katako na ɗinka su. Shi ya sa na sa aka rubuta a bango da manyan baƙaƙe: WANDA YA KAFA, ATTAHIRU. Suna ɗaya.

Sai ga Murtala, wani siririn ma'aikacin jinya, ya dawo gida daga aiki a kudu, wai ya koyo jiyu-jitsu, kokawar da ake yi kwance a ƙasa. Ya zo yana son mu riƙa gwada juna.

Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Kai, wanga jiki naka ko iska ta ishe shi."

Ya yi dariya. "Awo, Oga. To kada ni mu gani."

Na kada shi. Sau huɗu. Kowane karo sai ya tashi ya rusuna ya ce a sake.

A na biyar muka faɗi tare, sai na yi abin da duk ɗan judo yake yi: na kife ruf da ciki na dunƙule, don kar bayana ya taɓa katifa. A wurinmu alƙali yake tsayar da wasa a tashi. A wurinsu kuwa ka ba mutum bayanka, ka ba shi wuyanka. Kafin in ankara ya ɗare ni, hannunsa na maƙogwarona.

Ya ce a kunnena, "Oga, buga katifa."

Ni in buga, alamar na sallama? Gaban ɗalibaina? Na ƙi.

Da ya ƙara matsa kaɗan, da na sume a gabansu. Sai ya saki, ya mirgina gefe yana haki, ya ce da ƙarfi, "Kai, wuyan Oga ƙarfe ne, hannuna ya gaji!"

Ɗalibai suka yi tafi. Ni da shi kaɗai muka san gaskiya. Yau ne na fara faɗinta.

Shekara uku muna haɗuwa duk Asabar bayan la'asar. In lokacin judo ne, ya kwance ɗamararsa ya ɗaura fara, ya shiga layin sababbi. Haka ƙa'ida take, ka shiga fannin wani ka koma ɗan koyo. In lokacin nasa darasin ya zo, ni baƙata nake bari a ƙuguna. Bai taɓa magana ba.

Shi ke ɗaure mana yatsu da filasta. Ranar da kafaɗata ta goce, shi ya goya ni a babur ɗinsa, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana mini tsiya har asibiti.

Da ɗalibanmu suka fara cin wasa da kokawar kwance, aka tambaye ni sirrin. Na ce aikina ne. Yana tsaye a wurin, riƙe da jakar ruwa.

Ganinmu na ƙarshe a unguwar Gidan Igwai ne, Lahadin da ta wuce, wajen mai masa. Ya miƙo mini leda. Na buɗe, farar ɗamara ce sabuwa.

"Mi zan yi da wagga?"

"Aje ta, Oga. Ranar da ka ga dama. Ba ta cizo."

Na ce ya daina raina ni. Na jefa ta a akwatin babur. Tana nan, ban ko warware ta ba.

Yanzu wa zan buga wa katifa?

Asabar mai zuwa zan shiga da ita a ƙuguna, in tsaya a layin baya. Duk wanda Murtala ya taɓa koya wa ko kamu ɗaya, ina son ganinsa.

Allah Ya jiƙan Murtala, Ya yalwata kabarinsa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Allah Ya ba maiɗakinsa da 'ya'yansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Kai kuma Sani mai fenti, na san kana ganin rubutuna. Gobe da safe ka taho da buroshinka. Ba ƙarƙashin sunana ba, kuma ba da ƙananan baƙaƙe ba. Layi ɗaya, girma ɗaya: ATTAHIRU DA MURTALA. Ka rubuta shi yadda ruwan sama ba zai wanke ba.