Kabo da Jinkar Gidan Alfari

Allah ya ji ƙan Kabo, mutumin da bai taɓa yarda da lissafin da bai bi ta hannunsa ba.

Tun a lakwal, makarantar bokon Gaya, zamanin Nasara, abin ya soma. Mushe, malaminsu, ya rubuta a allo cewa kewayen duk abu mai da'ira faɗinsa ne sau uku da 'yar ɗoriya. Kabo ya ɗaga hannu.

"Mushe, wa ya gaya maka?"

"Littafi."

"Shi kuma wa ya gaya masa?"

Ya sha bulala. Amma da ya fito, sai ya nemi igiya ya shiga awo: faifai, bakin rijiya, tayar kamyo, wato babbar mota, har tumbin Dodo abokinsa. Ko'ina uku da ɗoriya, in ban da Dodo, wanda Kabo ya ce ba a gama halittarsa ba. Daga nan ya yarda. Ya girma ya zama mai jinka, irin rufin ciyawan nan da ake ɗaurawa a ƙasa, sannan a ɗora kan ɗaki.

Da ya nemi auren Bibata, ubanta Alfari ya ce babu magana sai ya rufe masa sabon ɗaki kafin ruwan farko.

Kabo ya auna faɗin ɗakin da kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya zana lissafi a ƙasa da tsinke, ya ƙwala wa Dodo adadin ta bayan darni, shi kuwa Dodo ya yanka itace. Ranar ɗorawa maza suka ciccibi jinka da kirari, suka saki. Sai ta zurma cikin ɗakin, tsininta kaɗai ke leƙowa.

"Kai yaro," in ji Alfari, "rufi na ce, ko hula?"

"Baba, lissafin daidai yake."

"To, ka aure shi!"

Ga hadari ya fara haɗuwa ta wajen kogi. Kabo ya tsuguna, yana gumi, ya sake bin zanensa mataki-mataki, tunda shi ya zana shi, ya san kowace kusurwa. Babu kuskure. Can sai ya miƙe.

"Dodo, kawo hannunka."

Suka jera gwiwar hannu. Yatsun Dodo da ƙyar suka wuce tsintsiyar hannun Kabo.

"Ɗan duƙurmi!" in ji Kabo. "Ka cinye mini aure!"

"Ni na halicci kaina, zanƙalele?"

Alfari ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce ƙaramar ta tafi kan rumbu, a sake wata. Kabo ya auna da kansa, ya yanka da kansa, ta zauna daram kafin yayyafi. Aka ba shi Bibata.

Ranar da muka rasa Kabo, Dodo ya ɗauki karan awon kabari. Bibata ta leƙo daga ɗaki, fuska duk hawaye.

"Don Allah, a karɓe wa Dodo karan nan. Kada ya matse mini miji."