Daron da Salanieta ta ajiye a bakin ƙofa

Ranar Laraba aka binne Salanieta Rokobuli, Allah sarki. Shekara goma sha tara tana aiki a gidan karnukan da ba su da mai su, bayan gonakin rake na Lautoka, amma ko sau ɗaya hancinta bai saba ba. Mace ce mai ƙyanƙyami. Duk ranar da ta kwashe kashi, rogo da kifinta haka suke komawa gida ba ta taɓa ba.

Wata damina gudawar jini ta shigo wa karnukan. Warinta kamar ruɓaɓɓen nama a tsatsar gwangwani, ƙudaje kuwa har a leɓe. Ta ware marasa lafiya ɗaki guda, ta ajiye daron ruwan magani a ƙofar ɗakin 'yan kwikwiyo, duk mai shiga ya tsoma takalminsa. Amma kullum sai ta ɗauke gawa. Cikin 'yan kwikwiyo goma sha takwas, saura bakwai.

Ran nan tana shanya tsummoki ta hango taubashinta Viliame, dattijon coci mai kawo ragowar abinci. Ya fito daga wurin marasa lafiya, ya iso ƙofar 'yan kwikwiyo, ya tuɓe silifas kamar kowane ɗan halas, ya tsallake daron. Tsakanin yatsunsa wani abu ne ja, mai yauƙi.

Ashe kowa haka yake yi.

Ta finciko shi waje. Ya ce shi ba a koya masa shiga ɗaki da takalmi ba, kuma ruwan ya yi tsabtar da ba zai iya ɓatawa ba.

"Taubashi, ladabinka ya kashe min sha ɗaya," ta ce. "Ɗakin karnuka ne, ba gidan sarki ba."

"To, sarauniyar kashi, a yi min afuwa."

Bai ga dariya a fuskarta ba. Ta zaunar da shi a kan bokiti, ta kau da kai, ta goge masa yatsun nan ɗaya bayan ɗaya da buroshi, tana tofar da yawu.

Washegari ta sa shi haƙa kwatami a ƙofar, mai faɗin da ƙafa ba ta tsallakewa, suka daɓe shi da siminti, suka cika shi da ruwan magani. Biyu cikin bakwai ɗin sun riga sun kamu, a cinyarta suka mutu. Biyar ɗin suka tashi.