Ƙaramar Ƙofar da Aka Toshe

Wallahi abin nan da ni ya faru, kuma da rana tsaka. Shekarun baya ina aiki a wani rukunin ofisoshi da aka gina bayan Mahuta, a kudancin garin Kaduna, inda da can gonakin Gbagyi ne. Gine-ginen duk iri ɗaya, da shataletale a tsakiya, katanga ta kewaye ko'ina. Ba a barin keke ko mashin su shiga, kuma ko ruwan leda kake so sai ka tada mota.

Wata Asabar da azahar matata ta kira ni daga Kakuri, ta ce naƙuda ta taso, ga shi ita kaɗai ce a gida. Ina fitowa da mota sai na ga wata tsohuwa tana tafe a kan kwalta ba takalmi, da ƙwarya a kafaɗa yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya. Shekara uku ina wurin, ban taɓa ganin mai tafiya a ƙasa ba. Na ce, "Mama, shigo in kai ki get." Ta shiga baya ta zauna.

Daga ofis zuwa get minti biyu ne. Na zaga shataletale, na miƙe, sai ga ni a gaban ofishinmu. Na ce ruɗewa ce, na sake, na kuma dawo wurin. Matata ta sake kira, muryarta da ƙyar take fita, ta ce, "Baban Amina, kana ina?" Na ce ga ni a hanya, alhali ina kallon ginin da na baro.

Sai tsohuwar ta nuna min hagu, ta ce, "Ɗana, can ne hanya."

Na ce, "Mama, katanga ce."

Ta ce, "Can nake bi."

A zagaye na bakwai na haƙura na kai ta. A jikin katangar akwai sabon siminti, faɗinsa daidai faɗin ƙofa. Ta sauka, na duba waya, na ɗaga kai, babu kowa. Ina juya mota sai ga get a gabana.

Baba Yohanna maigadi, mutumin Filato, ya ce, "Oga, lafiya? Tun ɗazu nake ɗaga maka hannu kana wucewa."

Na ambaci tsohuwar. Ya leƙa bayan motar, ya ja da baya.

"Ka ɗauke ta? Ai ba a ɗaukarta. Ƙaramar ƙofa muke buɗe mata duk Asabar in ta tashi daga gona. Sabon manaja ya sa aka toshe ran Laraba, wai ba mai bi."

Na ce, "Wace gona?"

Ya ce, "Wadda kuke ajiye motoci a kai."

Kafin in isa Kakuri wata maƙwabciya ta kai matata asibiti a keke napep, a bakin ƙofar asibitin ta haihu, Allah ya raya min su. Da na koma mota na tarar da jar ƙasa a inda tsohuwar ta sa ƙafa, jiƙe sharkaf, alhali wata biyu ba a yi ruwa ba.

Har yau ban san wa na ɗauka ba. Amma duk mai kewaye fili da katanga, don Allah ya bar wa masu ƙafa ƙofa, ko da bai taɓa ganin wanda yake bi ba.