Rabin Duron Baba

Idan ka gaya wa mutumin Kano cewa ka iya gyaran injin jirgin ruwa, dariya zai yi, ya tambaye ka a wane kogin ka koya. Amma madatsun ruwan da ke kewaye da mu cike suke da kwale-kwale masu inji, kuma ranar da inji ya gaji cikin gari ake kawo shi. Ni aikina janareta ne, a wata 'yar rumfa a Fagge. Injin ruwa kuwa a Sabon Gari na koya, wurin wani dattijo Bayarabe da kowa ke kira Baba. A nan aka haife shi, kuma Hausarsa ta fi tawa daɗin ji, musamman idan faɗa yake yi.

Wata Laraba wani mai jirgi ya zo mini da ƙafar injinsa a cikin buhu, wato sashen ƙasa mai ɗauke da giya da farfela, wanda ke zama cikin ruwa. Ya ce ƙara take yi masa. Na kwance noti na tsiyayo man giyar, sai ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya shiga ke nan. Da na cire farfela na tarar zaren koma ya nannaɗe sandar, ya yanka sil, robar da ke hana ruwa shiga. Biyu ne a jere, ɗaya na tare mai daga ciki, ɗaya na tare ruwa daga waje, kuma kowanne akwai wata siririyar waya zagayayya a bakinsa, sifirin, ita ke matse robar a jikin sanda. In babu ita, sil ado ne kawai.

Na zaga kasuwa da ƙyar na samo sababbi guda biyu, su kaɗai suka rage wa mai shagon. Ranar Alhamis na ɗaura, na zuba sabon mai, na juya farfela da hannu na ji ta santsi. Ya kamata in gwada da iska a cikin ruwa, amma ba ni da kayan gwajin, kuma gaskiya ban ga dalilin mallakarsu ba, don na yarda da hannuna fiye da kima. Mai jirgin ya yi godiya. Yana ɗaure buhu yake ba ni labari cewa ranar Asabar kasuwar tsallake ke ci, jirginsa kan cika da mata da buhunan albasa, kuma wannan satin har da matarsa zai ƙetarar, cikinta ya tsufa, za ta awo a asibitin da ke can. Ya ce zai sauka gidan yayarsa a Kwaciri, da safe ya kama mota.

Juma'a da safe ina share rumfa, tsintsiya ta jawo wani abu daga ƙarƙashin benci. Na duƙa na ɗauka. Sifirin ne, daidai girman na sil ɗin da na ɗaura.

Ko dai na tsohon sil ne ya faɗi sanda nake ɓalle shi, ko kuma na sabon ne ya zame sanda nake buga shi ciki, ban lura ba. Tsofaffin na riga na watsar a bola, an kwashe. In na sabon ne, ruwa zai riƙa shiga a hankali, giya ta ci kanta, kuma ba a bakin gaɓa irin wannan ke tsayawa ba, sai an kai tsakiya, da lodi, iska na kaɗawa. Na kira lambar mai jirgin, a kashe. Tsoro na ji sosai, irin wanda ban taɓa ji a kan aiki ba, domin janareta in ya mutu duhu kawai ake sha.

Ko rumfar ban rufe ba, na ce wa mai shayin kusa da ni ya sa ido, na tari adaidaita sai Kwaciri. Allah ya taimake ni na san layin. Na iske shi a ƙofar gida, an riga an ɗora buhun a bayan babur. Na nuna masa sifirin a tafin hannuna na gaya masa komai, har da cewa ban gwada ba. Bai zage ni ba, da ya zaga ma da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai a sauke buhun.

Matsalar ita ce ba a ciro sil a duba a mayar, in ka ciro shi ka lalata shi, ga shi babu wasu a kasuwa. Hanya ɗaya ta rage, gwaji, kuma mutum ɗaya na sani mai kayan gwaji. Shekara shida rabona da shagon Baba. Na bar shi ba tare da bikin yaye da mutanensa suke yi wa mai koyon sana'a ba, inda maigida zai sa maka albarka a gaban jama'a. Kuma a kan wannan gwajin ne muka rabu. Yakan zaunar da ni gaban rabin duro cike da ruwa in yi ta kallo ko kumfa za ta fito, ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne, har wata rana na faɗa masa haka a gaban mutane, na ɗauki jakata. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi da kyau.

Ni da mai jirgin muka ɗauki buhun sai Sabon Gari, muka sami Baba a kan kujerarsa ta ƙarfe, ya ƙara tsufa, tabarau ɗaure da zare. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Injiniya, yau kai ne a wurin masu kallon ruwa?" Na buɗe hannu na nuna masa sifirin, na yi bayani. Ya ɗan kalle shi, ya karɓa ya sa a aljihu, ya nuna mini duron da haɓa. Yana nan inda na bar shi.

Ni na yi komai, shi yana zaune. Na tsiyaye man, na ɗaura tiyo a ramin noti, na haɗa da famfon keke mai ɗan agogo, na buga kaɗan, don in iska ta yi yawa ita da kanta za ta ture sil. Ni da mai jirgin muka ɗaga ƙafar muka nutsa ta a ruwa. Nan take kumfa ta taso, manya-manya. Mai jirgin ya fara salati. Baba ko motsi bai yi ba. Ya ce iskar da ta maƙale a lungunan ƙarfe ce, kumfar yoyo ƙanana ce, a jere take fitowa daga wuri ɗaya, kuma ba ta ƙarewa. Ya zaro carbi. Agogonsa ke nan tun da can, sai ya zagaye shi sau uku ake ɗaga ido daga ruwa.

Ruwan ya kwanta. Ina juya sandar a hankali, idona a bakin sil. Masu baro na wucewa suna neman hanya, wani mai shago na can yana gwada lasifika, ni ban ga komai ba sai ruwan nan mai tsatsa da fuskata a cikinsa. Carbi ya zagaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba, allurar agogon famfon ma tana nan inda take. Na zauna daɓas a ƙasa, rigata ta jiƙe da gumi, daɗi ya cika ni har na rasa abin faɗa sai hamdala. Mai jirgin ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce yau ya ga bakanike ya fi mai kaya tsorata.

Na sake zuba mai, fes kamar zuma, muka ɗaure buhu, ya tafi neman mota kafin a taso masallaci. Sai Baba ya ciro sifirin ya miƙo mini, ya ce in duba da kyau. Na kai shi haske. Ya yi baƙi, ya saki, har da gurbin da zaren koma ya ci. Tsoho ne, ko makaho ya shafa zai gane.

"Baba, ashe ka sani?"

"Tun da ka buɗe hannunka," in ji shi. "Amma sanin da na yi na wannan sifirin ne kawai. Abin da ke cikin ƙarfen, ni da kai ba wanda ya sani sai da ruwa ya faɗa. Matar mutum za ta hau, ɗana."

Na sunkuyar da kai. Na ce ya yafe mini maganar da na yi masa shekarun baya. Ya ce ya daɗe da mantawa, wanda ƙarya ce, don har kalmomin ya maimaita mini yana dariya. Sannan ya ɗora hannunsa mai baƙin mai a kaina ya sa mini albarkar da na tafi na bari, ba taro, ba shinkafa, shaidunmu rabin duro da famfon keke.

Bayan sati uku mai jirgin ya aiko direba da ƙullin busasshen kifi, da saƙon cewa mai na nan fes, matarsa kuma ta sauka lafiya a tsallake, an samu mace. Na raba kifin biyu, na ɗauki kashi mafi yawa na nufi Sabon Gari.