Tambayata da gonar maƙwabcin kawuna

Shekarun baya can, ina ajin ƙarshe a jami'a, na taɓa yin wata ɓarna da kaye da bik kaɗai, wato littafin rubutu da biro, kuma wallahi har yau ban gama gane ta ba.

Sosiyoloji na karanta. Da lokacin memuwar ya zo, wato littafin binciken da sai da shi ake ba ka difloma, malamina ya ce in duba yadda gandu ya watse a ƙasarmu, yadda gidan da ke noma tare ya koma kowa da 'yar gonarsa. Ya ce kada in tsaya kan yau. "Al'umma ba ta sauyawa a damina guda. Koma kan kaka da kakan kaka, ka biyo sauyin sannu a hankali." Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban gane komai ba.

Na sauka Tasawa, na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen kawuna, yayan mahaifiyata, can wajen Maijirgi. Tambayoyi talatin na tsara, kowace da gurbin shekara. Tsohon farko da na tambaya yaushe aka raba gandunsu ya ce shekarar da gyaɗa ta mutu. Na biyu ya ce bayan yunwa. Na ce wace yunwar? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, lissahinsu muke yi?" Kwana huɗu ina yawo, gurbin shekarar nan fayau.

Sai na yi wa kaina dabara, ni ga mai wayo. Na bar shekaru, na koma bin gonaki ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wa ya fara sarar kowace. Na lura mutane na ɗan duban juna kafin su amsa, na ɗauka tunani suke yi.

Kawuna yana da maƙwabci, wani dattijo da ya kusa tamanin, asalinsu Bugaje ne daga arewa. Gonarsa ta yi iyaka da ta kawu, ita kaɗai gare shi, ita ke ciyar da 'ya'ya da jikoki. Wani tsoho ya ce mini kakan kawu ne ya sare ta, ya ba uban dattijon aro lokacin da fari ya kashe masa raƙuma. Wani ya ce ba aro ba ne, kyauta ce. Wata tsohuwa kuma ta rantse daji ne ba na kowa ba, uban dattijon ne da gatarinsa ya sare abinsa. Gona guda, labari uku! Kaina ya ɗaure, amma murna ta cika ni, don ga makiyayi ya koma manomi a gabana, abin da malamina ke nema ke nan.

Da rana muna shan fura da ɗan kawuna na shiga zuba masa labari, ina ta burga. Shi kuwa 'ya'yansa bakwai, kason gonarsa ko damin da zai kai su rani ba ya bayarwa. Sai na ga ya aje ludayi.

"Aro ka ce?"

Na ce ai mutum guda ne ya faɗi haka, akwai wasu biyu. Ya ce guda ma ya isa. Ashe ƙara ya kai, don bayan kwana uku aka aiko kiranmu ƙofar maigari, wai in zo da kayena.

A hanya kawu ya tsaya ya dube ni. "Ɗan nan, ba a tambayar wa ya sari gona sai in shari'a za a yi. Uwarka ba ta taɓa hwaɗa maka ba?" Kunya ta rufe ni.

Dattijon na zaune gefe, ya ja rawani har hanci, ko kallona bai yi ba. Aka ce in karanta. Na karanta labarin farko, ɗan kawuna ya gyara zama. Na karanta na biyu da na uku. Maigari ya ce, "To malamin boko, wanne ne gaskiya ciki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, mu a wajenmu dukkansu bayanai ne." Wuri ya kece da dariya, ban da dattijon. Nan kawu ya miƙe ya ce shi tun da ya buɗe ido su dattijon ya gani cikin gonar, kuma muddin yana da rai gidansa ba ya ƙarar maƙwabci. Maigari ya sallami kowa. Na yi ajiyar zuciya, na ce shi ke nan.

Da kaka na dawo in ƙarasa aikin. Wata safiya sai ga amalanken jaki ƙofar gida, dattijon a kai, da damin gero guda. Al'adar ita ce mai riƙe da gonar aro yakan kawo dami in an yi girbi, shaidar ya san ba tasa ba ce. Kawu ya ce tsawon rayuwarsa ba a taɓa kawo musu ba.

"Baba, don Allah mayar da shi," in ji kawu.

Dattijon ya girgiza kai. "Kai na yarda da kai. Bayanka nike tsoro. Gara jikokina su ce aro ne a bar su su noma, da su ce tasu ce a kore su."

Da hannunsa ya sauke damin. Ni ina tsaye da kaye a hammata kamar gunki.

Na samu difloma, har da yabo. Malamina ya ji daɗin shafin da na nuna yadda riƙon ƙasa ke sauya ma'ana daga kakanni zuwa jikoki. Ban gaya masa cewa a ƙauyen kawuna ni na sauya ta cikin sati biyu ba.

Yanzu in ɗalibi ya ce mini zai je ƙauye tono tarihi, nakan ce ya fara tambaya wa ke cin abinci a kan abin da zai tono. Kawu da dattijon duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Jikokin suna nan suna noman gonar, kuma kowace kaka ɗan kawuna yana karɓar dami. Har gobe ban san ko aro ne, ko kyauta, ko saran daji ba. Abin da na sani kawai, kafin in je ba a kai damin nan.