Abin da koci ya nuna mini a bidiyo

Ɗana na fari ɗan wasan hoki ne, wanda ake yi da sanda a kan ƙanƙara. A gefen dama yake buga wa wata ƙaramar ƙungiyar ƙwararru a arewacin jihar da muke zaune. A unguwar Park Hill da ke Staten Island na raine shi bisa doka ɗaya: wanda ya doke ka, kada ka rama, ka zo ka faɗa mini. Bai taɓa karya ta ba.

Shekararsa ta biyu a ƙungiyar, ya kira ni ya ce ana shirin sallamarsa. Na yi abin da na sani. A gida, can ƙasarmu, in maigida zai kori ɗanka daga wurin sana'a, uba ne ke zuwa ya ba da haƙuri. Na ɗauki hutun kwana ɗaya daga aikin gadi, na sa babbar riga, na sayi turare, na tuƙa mota awa huɗu.

Da yaron ya gan ni a ƙofa, ya dafe kai.

"Baba, ba a yin haka a nan."

"Kai dai shige gaba," na ce.

Kocin ya karɓi turaren yana jujjuya kwalbar. Na tambaye shi abu uku a jere. Yana makara? A'a. Yana rashin kunya? A'a. Ba ya cin ƙwallo? Yana ci, gudunsa ma ya fi na kowa.

"To mene ne laifinsa?"

Sai ya kunna bidiyo. Na ga wani ƙato ya matse ɗana da bango har hularsa ta faɗi. Ya tashi, ya ɗauki hular, ya wuce. Na ga an kayar da abokin wasansa a gabansa, ya kau da kai. Kocin ya ce duk ƙungiyoyi sun gane shi, kowa na taka shi, kuma ɗan gefen da ba a shakkarsa ba ya iya ƙwato ƙwallo a lungu. Ya ba shi wasa biyu ya nuna yana da zuciya.

Na ce ni na koya masa haka.

"To kai za ka warware masa," in ji kocin.

A mota muka zauna, injin a kashe. Yaron da kullum da Turanci yake amsa mini, ranar da Hausa ya yi magana.

"Baba, in rama?"

Ni mutum ne mai ba da umarni. A gidana ba a tambayata sau biyu.  Amma in na ce rama, na rushe abin da na gina shekara ashirin da biyu. In na ce kada ka rama, na cire masa abinci daga baki. Na ce masa lokacin la'asar ya yi, mu nemi wurin alwala.

Wasa na farko na kalla a waya, a ɗakin gadi. Aka buge shi, ya tsaya, ya ɗan ɗaga hannu, sannan ya sauke. Na biyun ban iya kalla ba.

Ranar Litinin ya dawo Staten Island da jakunkuna biyu da sandunansa a ɗaure. Mahaifiyarsa ta zuba masa tuwo. Na zauna gefensa ina jira ya ɗora mini laifi, ko da kalma ɗaya ce. Ya cinye, ya wanke hannu, ya tambaye ni ko ana ɗaukar ma'aikata a wurinmu.